Abin da na ɓoye wa likita

Zuwa ga Malam Falalu, Jahun.

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya damina? Tun shekarar da aka ba mu jiha ban kwana a wani gari ba, sai ga ni a Zariya. Muna lafiya. Barandar asibiti ba laifi, ƙugu ne kawai ke ƙorafi. Jikanmu Abdulrauf yana kama nono, kansa dai bai daina girma ba.

Likita ta ce tun a ciki jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke yaɗo kamar duma a danga, da wani danƙo da suke kamawa su gane hanya. Nasa ne bai yi ba. Wai ciwon ta jinin uwa yake bi, maza yake kamawa. Ta tambaya ko a dangin 'yata Zulfa, matar ɗanka, an taɓa haifar namiji da babban yatsa naɗe cikin tafi kamar na yaron. Na ce babu.

Malam, akwai. Ƙannen marigayiya matata biyu, ni na haƙa kabarin ƙaramin. Kuma da bakin nan na ce ranar suna daga gidanku abin ya fito.

Ka yafe ni. Ka sa a karanta wannan a gaban waɗanda suka ji. Gobe da safe zan koma in faɗa wa likita sunayen ƙannen nan biyu.

Naka,
Lado