Ƙashin Bayan Ɗakin Inna

Zuwa ga Uwata, takwarar Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu nan da sauƙi. Gwiwa ce dai ta ƙi ni, matata kuma tana nan tana haƙuri da halina.

Dalilin rubutowa shi ne, kawunki Auta ya sa an fara haƙa harsashin shago a bayan tsohon ɗakin Inna, ko shawarata bai nema ba. Masu haƙa suka tono gutsattsarin ƙashi, duk sun rududduge, ba a gane siffarsu. Nan take Auta ya ce na akuya ne, a zuba kankare. Ni kuwa da wayona lokacin da Inna ta haifi jaririya ba rai, kuma na ga inda Baba ya nufa da ita, bayan ɗakin nan. Shi Auta a lokacin ba a ma haife shi ba. Na tsayar da aikin, yanzu a unguwa ana cewa tsufa ya taɓa ni.

Sai ga shi jiya da fara'arsa, wai kun yi waya, kin ce a wurin aikinku akwai na'urar da za ta raba gardama. Wai a kankare ɗan garin ƙashin, a narkar da furotin ɗin da ya saura a ciki, a auna nauyinsa, kowace halitta da irin nata awon. Ban musa ba. Na karanta kimiyya tun kafin ki zo duniya, ko da yake ba abin da ta tsinana mini. Na'ura ba ta son kai, amma mutum ne ke karanta ta, kuma ban san me kuka tattauna ba. Fara'ar Auta ba ta taɓa zo mini da alheri ba.

Saboda haka za ki ga ƙullin ƙashi uku a cikin kwalin da na haɗo da takardar nan. Ɗaya daga ramin ne. Biyun wurin mahauci na karɓo, na dafa, na turbuɗa a toka har suka yi kama. Ba zan faɗa miki wanne ne wanne ba. Ki gaya mini asalin kowanne. In kin faɗi na mahauci daidai, zan yarda da ɗayan, ko da akuya ce, in kauce a zuba kankaren. In kuwa ƙanwata ce, sai dai Auta ya zuba a kaina.

Ki gaishe da maigidanki, da ɗan farinki da ƙannensa. Kada ki kira Auta sai amsa ta zo hannuna.

Kawunki babba.