Na Raka Mata Asibiti Shekara Goma Sha Ɗaya, Ni Na Kasa Zuwa

Hajiya Delu, don Allah ki taimake ni da shawara. Abin ya fi ƙarfina, kuma a garin nan ba ni da wanda zan gaya wa maganar ba ta kai kasuwa kafin la'asar ba.

Yau kwana ashirin da shida da rasuwar Alhaji Magagi, ɗan kasuwar wake na nan Filinge. Wan mijina ne, shi ya sa ko sunan nan da na rubuta sai da hannuna ya yi nauyi, don ban taɓa faɗinsa da bakina ba. Tun da mijina ya rasu a gidan Alhajin nake zaune. Matarsa Zuwaira ciwon dajin nono ne ajalinta. Shekara biyu tana ɓoyewa, tana zuwa ana yi mata sakiya da ƙarfe mai zafi, sai da wari ya tona ta. Daga nan Alhaji ya zama wani mutum daban. Ya sa doka cewa duk Litinin, in motarsa ta ɗauki waken kasuwar Lahadi za ta Yamai, kujerar gaba ta marar lafiya ce, ko babban dillali sai dai ya hau bisa buhu. Ya kama ɗaki kusa da asibiti, magani da abinci duk a wuyansa.

Ni ya zaɓa mai rakiya, saboda na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, ina jin Faransancin likitoci, ina kuma jin Zabarmanci. Ba ya son a faɗa masa suna, don kada sirrin matar wani ya fita ta bakinsa. Sai in tsaya bakin zaure, kaina a ƙasa, in ce akwai wata a Damana, ko akwai wata a Abala, shi kuma ya ce a ba ta kujera. Shekara goma sha ɗaya iyakar maganarmu ke nan. Ni ce mai faɗa, ni ce mai ƙwace ƙulle-ƙullen magani daga hannun mata a bakin mota, har ƴan ƙauye suka sa mini suna Jandarma.

Wata takwas da suka wuce ina wanka na ji wani abu a nonona na hagu, kamar ƙwallon dabino. Hannun nan nawa ya taɓa na mata da yawa, na san abin da na ji. Ta yaya zan dubi wan mijina da maganar nono? Sai na tsaya bakin zaure kamar kullum na ce akwai wata a Tabla. Ya ce a ba ta kujera. Da Litinin ta zo ƙafata ta ƙi, na ce mijinta ne ya hana. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya ce zai aika liman wurin mijin, har ya karya dokarsa ya tambayi sunan matar. Na ce na yi mata alkawari. Tun daga ranar, duk Lahadi sai ya tambayi labarin matar Tabla. Da hawan jini ya kwantar da shi, bakinsa ya karkace, magana da ƙyar, bai daina tambaya ba. Ranar da na kai masa kunu na ƙarshe na ce masa ta je asibiti, likita ya duba ya ce ba kome. Ya yi hamdala sau uku. Bayan kwana tara ya cika.

Kada ki ce jahilci ne, Hajiya, sanin ne ya yi mini yawa. Na san bencin nan na asibiti, na san yadda gashi ke zubewa a kan matashi, na san aman da ake yi kafin mota ta kai Baleyara a hanyar dawowa. Akwai waɗanda suka warke, ina ganinsu suna daka a gidajensu, amma in na rufe ido waɗanda na yi wa wankan ƙarshe nake gani. Na gaji. Wallahi na gaji da hanyar nan, kuma ga shi ana so in bi ta da nawa jikin. Abin kunyar ma, wani garin magani da na ƙwace daga hannun wata tsohuwa shi nake shafawa, abin kuwa ya kai goro yanzu.

Babban ɗansa Naziru ya ce ranar sadakar arba'in zai sanar cewa aikin ubansa bai tsaya ba, ni kuma in tashi gaban mata in ce musu kada su ɓoye ciwo. Da wane baki? Ɗiyata Basiratu tana aure a Damana da jariri a hannu, ba na son ɗora mata. In faɗa wa Naziru gaskiya? In yi shiru in ci gaba da rakiya har inda ƙarfina ya kai? Kuma ƙaryar da na yi wa mai jinya, yaya zan yi da ita?

Mai rakiya, daga Filinge

Ƴar'uwata mai rakiya, Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa aikinsa ya bi shi.

Gajiyarki gaskiya ce. Shekara goma sha ɗaya kina ɗaukar tsoron wasu, ba wanda ya tambaye ki naki. Kunyar wan miji ma ba laifi ba ce, a cikinta aka rene mu. Amma kunyar nan ta ƙare da shi, kuma kin fi ni sanin cewa ba ita ta riƙe ƙafarki ranar Litinin ba. Tsoro ne, ki kira shi da sunansa.

Ni ba likita ba ce, ke ma haka. Hannunki ya san ƙulli, amma bai san ko na daji ba ne, kuma ba kowane ƙulli ne daji ba. Awo ne zai faɗa. Ki zubar da garin nan yau. Ki kuma tuna matan da kike gani suna daka, ki tambayi kanki yaushe suka je asibiti. Ina da tabbacin yawancinsu da wuri suka je. Wata takwas sun tafi, kada ki ƙara musu kwana goma sha huɗu kina jiran sadaka. Ko babu ke, za a daka geron sadakar a raba.

Ba dole ne ki faɗa wa Naziru da bakinki ba. Ki kira Basiratu, ita ta gaya masa. Jariri ana goya shi a shiga mota, kuma in ta ji labari daga baya, wannan ne nauyin da ba za ta iya saukewa ba. Rakiyar wasu ki ajiye ta tukuna, Naziru ya nemi wata ki koya mata daga zaune.

Game da ƙaryar, ki yi istigfari. Kin yi ta ne don ki kwantar wa mai jinya da hankali, da kuma don ki ɓoye kanki, duka biyun akwai. Ba za ki iya komawa ki gyara ta ba. Amma ki dubi wannan: in ciwon nan ya kayar da ke a ɓoye, matan yankinku na Kurfai za su ce wadda ta fi kowa sanin asibitin ma ba ta yarda da shi ba. Daga ranar ba macen da za ta sake fito da ciwonta fili, kuma duk abin da bawan Allahn nan ya gina ke za ki rushe shi da shirunki.

Ki tafi Litinin ɗin nan mai zuwa. Allah ya sa a ce ba kome, in kuma da kome, Allah ya sa an tare shi da wuri, ya ba ki lafiya da ƙarfin zuciya.

Hajiya Delu