Minti Goma Sha Ɗaya da Suka Rufe wa Kulu Karatu

Zuwa ga Shugabar Cibiyar Horar da Masu Neman Shiga Makarantun Kasuwanci ta Intanet, Legas.

Ranki ya daɗe,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina lafiya, ke da iyali da ma'aikatanki duka.

Sunana Nomau, daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Bagudo, jihar Kebbi, dab da iyakar Jamhuriyar Benin. Taki da maganin feshi nake sayarwa. Karatuna bai wuce sakandare ba, shi ya sa na rubuta da Hausa, don kada Turancina ya faɗi abin da ban nufa ba. Na san ba za a rasa mai fassara miki ba. Na fito fili ne saboda kusan duk ƙofar da muka ƙwanƙwasa a asirce na'ura ce ta amsa mana.

Maganar a kan ƙanwata ce, Hauwa'u, wadda muke kira Kulu. Ta gama jami'a, ta yi bautar ƙasa, ta dawo gida tana aiki da ƙungiyar mata masu turara shinkafa. Wata gidauniya ta zaɓe ta cikin waɗanda za ta ɗauki nauyin digirinsu na biyu a fannin kasuwanci, da sharaɗin ta ci jarrabawar shiga. Gidauniyar ce ta yi mata rajista a cibiyarku, don a horar da ita a sashen da ya fi ba ta wuya, wato sashen nazarin alƙaluma: jadawali, zane-zane, da tambayoyin da ake son mutum ya tantance ko bayanin da aka ba shi ya isa a yanke hukunci. Yau kwana goma sha biyu ke nan da kuka rufe mata shafin karatunta, kuka kuma rubuta wa gidauniyar cewa ta ba wani lambar sirrinta. Gidauniya ta ba ta zuwa Alhamis mai zuwa ta kawo takardar wanke kai daga gare ku, in ba haka ba a ba na bayanta gurbin.

Tun ina aji uku na sakandare nake rubuta abin da ya faru kowace rana a littafi: ruwan sama, hawan kogi, wanda ya zo da wanda ya tafi. Mutanen gidanmu suna yi mini dariya a kan haka. Daga littafin nan na ciro abin da ke tafe.

Na ɗaya. Hujjarku ita ce, ranar Talata an shiga shafin Kulu daga Nijeriya da ƙarfe huɗu da minti biyar na yamma, aka sake shiga daga Benin da ƙarfe huɗu da minti goma sha shida. Kuka ce ba mai iya kasancewa a ƙasa biyu cikin minti goma sha ɗaya. Ranki ya daɗe, Kulu ba ta bar ƙauyenmu ba ranar. A garinmu sabis ɗin Nijeriya ba ya shiga gida. Wuri ɗaya yake kamawa sosai, a kan tudun da ke bayan firamare, ƙarƙashin wata tsamiya. Amma sabis ɗin Benin har cikin ɗaki yake shigowa, shi ya sa kusan kowane magidanci a nan layi biyu gare shi, namu da wanda tsofaffi ke kira layin Faransa. Ranar Talatar Kulu tana kan tudu da kwamfutarta, ta fara gwajin tambayoyi ashirin, hadari ya taso daga gabas. Ta naɗe kwamfutar cikin hijabi, ta sheƙo gida, ta jona da layin Benin, ta ci gaba daga tambaya ta huɗu. Ina zaure lokacin, na ga shigowarta. A littafina na rubuta cewa ruwa ya sauko bayan la'asar, ya ɗauke kafin magariba.

Washegarin da saƙonku ya iso na je na auna tafiyar da ƙafata. Taku ɗari shida da arba'in ne daga tsamiyar zuwa ƙofar gidanmu. Na yi zargin na ɓata lissafi wajen gaisawa da liman, sai na sake. Na biyu ya ba ni ɗari shida da talatin da takwas. Wannan ita ce tafiyar ƙasa da ƙasa da ƙanwata ta yi.

Na biyu. Mun bi hanyar ƙorafin da kuka shimfiɗa, ba mu tsallake ko ɗaya ba. Kulu ta aika imel sau huɗu. Amsa huɗu ta samu, dukkansu kalma ɗaya ba ta bambanta ba, suna gode mata da haƙurinta. Ranar Litinin na ɗauke ta a babur muka tafi har cikin Bagudo don mu yi waya inda magana ba za ta yanke ba. Ma'aikacin da ya ɗauka mutum ne mai ladabi, ba na ƙararsa. Amma ya ce a iya saninsa Nijar ce kaɗai maƙwabciyar Kebbi. Kulu ta roƙe shi ya buɗe taswira. Ya buɗe, ya duba, sannan ya ce to ta turo hoton fasfonta mai ɗauke da hatimin shiga Benin na ranar, shi ke nan magana ta ƙare. Ta ce ba ta je Benin ba. Ya ce in ba ta je ba, to wani ne ya shiga daga can. Ta sake bayani tun daga tsamiya. Ya ce ya fahimta ƙwarai, amma fam ɗin da ke gabansa gurbi biyu gare shi, ko ta yi tafiya ko ta ba wani. Ranki ya daɗe, mu a gurbi na uku muke zaune, mu da kakanninmu, tun kafin a kafa turken waya.

Haka muka hau babur muka dawo gida.

Na uku, wannan kuma laifina ne, kuma ba zan ɓoye ba. Ni na sayo mata layin Benin ɗin, ni na ce ta daina zama a kan tudu cikin damina. Ban karanta sharuɗɗanku ba, ita ma ta ce ta wuce su da sauri. Na yi kwanaki ina juya abin a raina, ko da na bar ta da tsamiyarta da yanzu tana karatunta. Akwai kuma wani abu da Kulu ta hana ni rubutawa, amma ba zan nemi a yi mana adalci da rabin gaskiya ba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, tana zaune kusa da ni tana fassara mini, na amsa tambayoyi goma a shafinta da hannuna, don in ga abin da ke hana ta cin abinci. Uku na ci. In wannan shi ne ba wa wani shafi, to ni ne wanin, ba wani ɗan Kwatano ta Benin ba, kuma abin da na ƙara mata shi ne na ja makinta ƙasa. Ku duba ranar, za ku ga ramin da na yi.

Na huɗu, kuma nan ne abin ya fi ƙona mini rai. Malamar da kuka haɗa Kulu da ita ta iya aikinta, Allah ya saka mata. Wata biyu tana nanata mata abu guda: kada ki yanke hukunci don kawai labarin ya yi kama da gaskiya, ki tambayi kanki ko akwai wata hanyar da alƙaluman nan za su fito haka. Kulu ta kawo mana wannan darasi har cikin gida. Na taɓa cewa sabon takin da na kawo ne ya sa shinkafar manoman ƙauyen Sharabi ta yi kyau bara, ta ce mini Yaya, bayaninka bai isa ba, ka san yawan ruwan da suka samu? Na ji haushi ranar, amma na rubuta, don gaskiya ta faɗa. Da ta fara, rabin tambayoyin kan gagare ta kafin lokaci ya cika. Kafin ku rufe shafin tana kai ƙarshe har da ragowar minti.

To ga tambaya irin taku, na shirya ta yadda na ga kuna yi. Shin Hauwa'u ta ba wani shafinta? Bayani na ɗaya: an shiga ta layin Nijeriya da huɗu da minti biyar. Bayani na biyu: an shiga ta layin Benin da huɗu da minti goma sha shida. Na kai wa Kulu. Ta karanta, ta yi murmushin da ban gani ba tun ranar Talatar, ta ce na ɗaya shi kaɗai bai isa ba, na biyu shi kaɗai bai isa ba, ko an haɗa su ma ba su isa ba, domin layi suka nuna, ba su nuna hannun da ke riƙe da kwamfuta ba. Ni mai uku cikin goma ne, ina iya kuskure. Amma in amsarta daidai ce, cibiyarku ta kasa cin tambayar da take koyarwa. In kuwa ba daidai ba ce, ku kuka koya mata.

Saboda haka ina roƙon abu uku.

A sa mutum mai rai, ba na'ura ba, ya duba shigar nan biyu. Kulu ta ce za a ga kwamfuta ɗaya ce, kuma an tsaya a tambaya ta uku an tashi daga ta huɗu. A tambayi malamarta ma, ta san muryarta, ta san har kukan zakaran gidanmu.

A rubuta wa gidauniyar kafin Alhamis a janye zargin. Wannan ya fi buɗe shafin muhimmanci. Karatu tana yinsa ko yanzu da abin da ta kwafa a takarda, amma sunan da kuka ɓata ba ta da inda za ta kwafo wani.

A ƙara gurbi na uku a fam ɗin nan. Ba mu kaɗai ke zaune a bakin iyaka ba, kuma ba kowace yarinya ce ke da yayan da ke rubuta lokacin saukar ruwa ba.

In har yanzu akwai shakka, a turo wakili. Zan tarbe shi a tashar Bagudo, in kai shi gindin tsamiyar, mu taka tare. Ya riƙe wayarsa a hannu, zai ga inda Nijeriya take ƙarewa alhali yana tsakiyarta.

Allah ya ƙara miki lafiya da basira, ya albarkaci cibiyarki, ya sa ɗalibanki su yi nasara, ya kuma tsare 'ya'yanki daga hukuncin da aka yanke kafin a tambaye su. A littafina na riga na rubuta Alhamis a saman shafi, na bar ƙasan fari.

Wassalam.

Nomau, yayan Kulu,
daga yankin Bagudo, jihar Kebbi.