Yaya Ishaya da Hular Kaboyi

Lahadi da dare, Woodbridge

Yaya Ishaya ya gama faifan waƙoƙinsa na kaboyi. Yau bayan coci ya tara mu a falo, ya ɗora faffaɗar hula, ya kunna mana. Dawakai, garken shanu, faɗuwar rana, duk cikin Turanci ta hanci, ga jita da ganguna kamar za su tsaga bango.

Ya ce, "Rifkatu, yaya kika ji?"

Na ce, "Yaya, kai ne fa ɗan maraƙin Baba ya kora a Kagoro, har ka haye mangwaro kana kiran Mama."

Matarsa ta yi dariya har da hawaye. 'Yarsa ta ce in maimaita da Turanci, na kuwa maimaita. Ya cire hular, ya kashe waƙar.

A mota, ina hanyar komawa, na saurari sauran faifan da ya ba ni. Waƙar ƙarshe ta fara da fiton da Baba yake kiran shanu da shi. Sai da na tsaya gefen titi.

Yaya Ishaya ya kira ni a waya sau biyu, ban ɗauka ba. Fiton kam ya iya. Ranar binne Baba kuwa ni kaɗai na taso daga ƙasar nan na je gida Kagoro.