Ƙarfen Waje

Yamai, Fabrairu 1985

Zuwa ga mai ɗakina Sa'adatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da bege, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Indo, da Malam da Inna da duk mutanen Galmi. Yaya gajiyar lambu? Direban da ya kai ku ya ce ya baro ki kina ban ruwan albasar Malam, ke da a nan guga ɗaya ke sa ki kiran sunan Allah. Ashe ƙarfin yana nan, ni ake ɓoye wa.

Mu muna nan yadda kika bar mu, sai dai gidan ya yi mini faɗi. Ni ke dafa mana ni da Baba, kin kuwa san hannuna. Jiya ya ɗanɗana miyar ya ce in koma ga masaba, can Allah ya ajiye rabona. Kada ki ƙara cewa korar ki na yi. Wurin da akwai rijiya da ɗan abin kaiwa baki na kai ku, kuma ranar da maƙera ta tashi, da kaina zan zo in ɗauke ku.

A yanzu dai wuta muke hurawa don kada a ce mun rufe. Manomin da bai ɗaure dami ko ɗaya ba bara, me zai yi da sabuwar hauya? 'Yan kaɗan da ke shigowa kasuwar Wadata ma sai su wuce mu, su nufi rumfunan da aka jibge hauyoyin ƙasar waje, waɗanda kamiyo, manyan motocin kaya, ke kwasowa daga Kwatano. Na sha mamakin yadda abu zai hau jirgin ruwa, ya hau mota, ya iso nan kuma ya fi namu araha. Wani ɗan duwan, wato ma'aikacin kwastan, da na gyara wa murhu ne ya warware mini: gwamnatin ƙasarsu ke ɗaukar wa masana'antar wani kaso na tsadar ƙira, don ta sayar a waje da rahusa. Wato ba da maƙeri ɗan'uwanmu muke kokawa ba, da aljihun wata gwamnati ne.

Baba har yau ya ƙi kiran abin nan hauya. Wai abin da inji ya haifa, masaba ba ta taɓa shi ba, bai kai a ba shi suna ba. Ƙarfen waje yake ce masa, yana tsartar da yawu, kuma duk maƙeran layinmu sun ɗauka daga bakinsa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Hukuma za ta raba wa manoma iri da hauya kafin damina, hauyoyi masu yawan gaske. Sannan an kafa kwamiti da zai sake duba kuɗin duwan da ake ɗora wa kayan ƙarfe na waje, kuma an ce za a saurari maƙera. Idan aka ɗora wa hauyarsu abin da ya kamata, aikin nan namu ne, kuma da shi zan dawo da ku. Maƙera sun zaɓi Baba ya yi magana a madadinsu. Ki sa Malam ya taya mu da addu'a.

Ki shafa mini kan Indo. Allah ya haɗa fuskokinmu.

Mijinki,
Halidu

Yamai, Maris 1985

Sa'adatu,

Ina gaishe ki, ina gaida kowa. Na ji tarin Indo ya yi sauƙi, na gode wa Allah. Yau da farin ciki nake rubutu, har biro na gudu a hannuna, ki yi haƙuri da karkatattun baƙaƙe.

Mun je gaban kwamiti. Baba ya sa farar rigar Sallarsa, ni na ɗauko hauya biyu a buhu, tamu da tasu, don a ajiye su a kan tebur kowa ya gani. A bakin ƙofa sojoji suka karɓe buhun. Sun ce ba a shiga gaban kaftin da abu mai kaifi, kuma kin san zamanin da muke ciki, ba a ja da mai bindiga. Haka muka shiga hannu rabbana. Dattawa suka zauna gaba, mu yara aka nuna mana benci can baya.

Kaftin ne ke shugabanta, ga manyan duwan hagu da dama, Faransanci kawai ke tashi. Tafintan wani Bazabarme ne haifaffen Yamai, Mumuni, mutum mai ladabi, Hausarsa irin ta kasuwa mai daɗin ji. Har ya durƙusa ya gaida Baba kafin a fara.

Da kin ga Baba, Sa'adatu! Ni da na girma a gabansa ban san yana da magana haka ba. Ya faɗi yadda kakansa ya sauko daga Tawa da uwar maƙera a kan raƙumi, ya faɗi gidajen da ke ci daga wutarmu. Ya ce ƙarfen waje ya kashe mu, a ɗora masa kuɗin duwan mai nauyi, a bar talaka ya ci guminsa. Kaftin ya sa aka tambaye shi ko duk ƙarfen da ke shigowa yake nufi. Baba ya ce duka, kada a bar ko ɗaya. Aka sake tambaya, ya sake faɗi. Kaftin ya dubi na kusa da shi, ya ɗaga kafaɗa, ya ce bai taɓa ganin masu sana'a da kishin ƙasa irin wannan ba, aka rubuta.

Da muka fito, maƙera suka kewaye Baba kamar ango. A hanya ya saya mini goro, abin da bai yi ba tun ina yaro. Na soma gyaran zuga-zugi, na kuma yi maganar gawayi. Ki fara sallama da ƙawayenki a hankali, ina ganin tare za mu yi azumi.

Naki,
Halidu

Yamai, Mayu 1985

Sa'adatu,

Ina fatan kuna lafiya, kun ɗauki azumi lafiya. Na ga takardunki biyu. Ba mantawa na yi ba, rasa ta inda zan fara na yi. Wannan ma a hannun direba na ba da ita, ban yarda in kai gidan waya ba.

Hukunci ya fito a rediyo. Muna zaune a rumfa aka karanta da Faransanci, muna ta murmushi, sannan aka karanta da Hausa. An ninka kuɗin duwan a kan ƙarfen waje, wato sanduna da faranti da duk ɗanyen ƙarfen da ake shigowa da shi. Wannan shi ne ƙarfen da muke saye mu yi ƙira. Kayan noma ƙerarru kuwa, hauya da garma da lauje, an bar su su shigo ba ko dala, saboda fari. Har aka ƙara da cewa maƙera da bakinsu suka roƙi haka.

Ni na fara ganewa. Baba ya ce ƙarfe, Mumuni ya juya ƙarfe, kaftin ya rubuta ƙarfe. Duk layinmu mun san abin da Baba ke nufi, shi ya sa ko a bencin baya ba wanda ya ji wani abu ya karkace. Mun manta cewa a wajen rumfarmu ƙarfe ƙarfe ne kawai.

Kafin mako ya zagayo ɗanyen ƙarfe ya fi ƙarfinmu. Tsofaffin ƙarafan mota ma da muke tsinta a kasuwar Katako sun bi shi sun hau. Aikin rabon hauyoyi kuma aka ba masu shigowa da kaya, tunda tasu ta ƙara nisa da tamu.

Baba ya sake sa farar rigar, muka koma. Ba a bar mu mun wuce ƙofa ba. Mumuni ne ya fito, da ya ji bayani sai ya dafe kai yana salati, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce abin da ya ji shi ya faɗa, kuma wallahi gaskiyarsa ce, ban riƙe shi da komai ba. Ya shiga ya roƙa mana, ya dawo ya ce abin da aka sa wa hannu ba a buɗe shi sai zaman baɗi. A nan ne Baba ya kama ƙarfen ƙofar da hannu biyu, yana ɗaga murya yana cewa hauya yake nufi, hauya, a gaya wa kaftin hauya ce. Sunan da ya hana ta tun farko ya yi ta maimaitawa a gaban sojoji, har ɗayansu ya ce in janye tsohona tun ana ganin girmansa. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin kunyar rashin ƙarfina kamar ranar ba.

Abin da ya fi ci mini rai, mutanen da suka kewaye shi a watan Maris yanzu wasu ba sa amsa sallamarsa. Ana cewa girman kansa ya rufe wa kowa maƙera. Shi bai musa ba. Da an sha ruwa sai ya kurɓi kunu kaɗan ya ture kwanon.

Kada ki gaya wa Malam duka. Ki ce ana nan ana bin magana.

Ni ne,
Halidu

Yamai, ƙarshen Yuni 1985

Mai ɗakina,

Barka da Sallah, barka da ruwa. Ina gaida Malam da Inna, ina gaida Indo da kika ce ta ƙi cire takalmin Sallarta ko za ta kwanta. Nan ma an yi ruwa mai kyau, mutane suka fito titi suna kuka suna hamdala. Na yi murna, Allah ya sani, amma murnar ba ta cika ba. Damina irin wannan muke jira shekara da shekaru, ta zo ta tarar da wutarmu a mace.

Mun rufe, Sa'adatu. Baba da kansa ya yayyafa wa tokar ruwa, ya lulluɓe uwar maƙera da buhu. Rabin layinmu sun tafi Abijan da Lome neman abin yi. Ni ba zan iya barin Baba ba, ƙafafunsa sun fara kumbura, kuma magana sai ta kama dole. Na samu aikin dako a wata mangaza, babban ɗakin ajiyar kaya, a nan Wadata. Kada ki tambaye ni kayan da nake saukewa daga kamiyo, kin riga kin sani.

Kin rubuto cewa kin ɗaure kayanki tun kafin Sallah, in faɗi ranar da zan zo. Ki kwance su. Abin da nake samu bai wuce bakin mutum biyu ba, kuma ba zan dawo da ke da yarinya ku zauna kuna kallon tukunya ba. Na yi miki alkawari da bakina, ga shi ina warwarewa da hannuna. Ban san ko baɗi ba ne, ban san ko za a sake kiran maƙera ba, ban ma san ko za a samu maƙeran da za a kira ba. Ina kewarki har ba na son shiga ɗakinki.

Sai maganar Malam. Kin ce hauyarsa ta cinye, ga shuka ta tsiro, ya ce a gaya wa surukinsa maƙeri ya aiko masa da sabuwa, shi ba ya noma da ta kowa sai ta gidanmu. Na zagaya ko zan samu guntun ƙarfen da zan ƙera masa ɗaya tak, abin ya gagara. A ƙarshe daga mangazarmu na karɓo.

Na ɓuya bayan ɗaki ina sa mata ƙota, sai ga inuwar Baba a kaina. Na so ƙasa ta tsage. Ya miƙo hannu na ba shi. Ya juya ta, ya gwada bakin da babban yatsa, ya ce ban zaunar da ita daidai ba, za ta ci wa Malam baya. Ya zauna a ƙasa ya cire, ya sassaƙe ƙotar, ya mayar, ya buga har ta zauna. Ya miƙo mini ya shige ɗaki, bai fito ba sai la'asar.

Ga ta nan a hannun direba, na naɗe ta da tsumma. Za ta yi masa daminar bana. Idan ya tambaya, kada ki yi masa ƙarya saboda ni. Ki ce masa ƙotar ce tamu.

Allah ya ba ku damina mai albarka, ya ba ki haƙuri da ni.

Mijinki,
Halidu