Hoton da Na Ɗauke Ka a Zaure

Assalamu alaikum Baba,

Ina gaishe ka, ko da yake na san ba za ka karanta ba. Da ranka ma ba ka karanta rubutun boko, don haka ban yi sabuwar asara ba.

Gida lafiya. An gyara indararon da ka daɗe kana faɗa a kansa. Saura kwana tara Inna ta fita takaba, kuma ta sa an kafa ƙusa a bangon ɗakinta, wai ranar za ta rataye hotonka. Kullum sai ta tambaye ni. Na ce ana wankewa. Na ce ana sa masa gilashi. Ƙaryata ta kusa ƙarewa.

Kai ma ƙarya na yi maka. Ka tuna ranar da ka yarda in ɗauke ka hoto, bayan ka ƙi duk tsawon rayuwarka? Ka zauna a kan buzunka a zaure, ka ba ƙofa baya, ka ce sau ɗaya tak. Waje rana tsaka, ciki duhu. Kyamarata tana da wani saiti, dynamic range, wanda ke rage hasken ƙofa ya fito da abin da ke inuwa. Da hannuna na kashe shi tuntuni, don a jami'a mun koyi raina duk abin da na'ura ke yi wa mutum. Amfanin digiri ke nan.

Na danna, na duba. Lungun Madabo ya fito fes, har haƙarƙarin akuyar da ke wucewa. Kai kuwa rawani ne, da baƙin wuri a ƙarƙashinsa. Ka tambaya ko ya yi, na ce ya yi. Ta yaya 'yar fari za ta ce wa ubanta ya tashi ya juya, ta sake ƙare masa kallo? Ba ka taɓa kama sunana ba, ni ban taɓa ɗaga ido na dube ka sosai ba. Na san ƙafafunka, na san zoben azurfarka, na san tarinka.

Na kai shi wurin wani mai hoto a Ƙofar Na'isa. Ya ja hasken a kwamfuta har ƙarshe, ba abin da ya fito sai ɗigo-ɗigo kamar tsaki. Sai ya sa na'urar ta ƙirƙiro fuska ta cike wurin. Wani kyakkyawan dattijo ya fito a cikin rawaninka.

Autanka Habibu kallo ɗaya ya yi ya ce wannan ba Baba ba ne. Ni kwana uku ina kallonsa. Hancin ne? Idon ne? Wallahi Baba, na kasa nuna inda ya saɓa da kai. Wanne zan kai wa Inna, duhun ko baƙon? In ta ɗaga baƙon ta ce in faɗa mata gaskiya, wace gaskiyar na sani?

Ka yafe mini. Allah Ya haskaka makwancinka.

'Yarka,
Uwani