Ɗan Maƙeri a Kan Kujera

Yaya Mamman,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya jikin Baba? Mu nan Arlit lafiya lau.

Ka tuna Illo ɗan maƙeri, wanda ba ya shiga zaurenmu da takalmi? Jiya 'yan garinmu mazauna nan suka zaɓe shi shugaba, don shi ne shef, wato babba, a garejin kamfani, shi ke sama wa yara aiki. Ni jikan maigari ko ƙuri'a ɗaya ban samu ba, ni na ɗauko masa kujera! Har yanzu abinci bai yi mini daɗi ba. Da garinmu akwai aiki, me zai kawo ni in ga wannan?

Gaida Inna, ku sa ni a addu'a. Kuma ka kai ɗana Nasiru maƙera ya koyi ƙira, amma kada Baba ya ji.

Ƙaninka,
Sale